Faifan Daimon da Duwatsun Yamai

Ƙorafin da na fi ji a bakin abokan sana'ata masu shimfiɗa karo, wato tayil, shi ne an sayar musu da faifan jabu. Mutum zai shiga kasuwar Katako da hantsi ya sayi faifan yanka sabo fil a kwalinsa, kafin la'asar ya dawo yana huci: faifai ya daina ci, sai tartsatsi da ƙauri. Mai shago ya rantse kayansa na ƙwarai ne, mai aiki ya rantse an cuce shi. Jabu kam akwai shi a kowace kasuwa, wannan ba abin musu ba ne. Amma a abin da idona ya gani, tun ina yaron aiki a Maradi har na zo Yamai na tsaya da ƙafata, mafi yawan faya-fayan da ake jefarwa a bola lafiyarsu ƙalau. Ko dai an ɗora su a kan aikin da ba nasu ba, ko an hana su ruwa, ko an danne su da ƙarfin tsiya. Faifai iri ɗaya, daga kwali ɗaya, zai yi wa wani makonni yana aiki, ya mutu a hannun wani yini guda. Kuma akwai dalili.

Faifan daimon ba shi da kaifi. In ka cire shi daga inji ka shafa bakinsa da yatsa, ba zai yanke ka ba, sai dai ka ji kaushi. Tsakiyarsa farantin ƙarfe ne kawai. Aikin duka yana can gefe, a wani ɗan baki da tsayinsa bai cika wuce milimita 7 zuwa 12 ba. Wannan baki garin ƙarafa ne, irin su tagulla da baƙin ƙarfe da kobal, aka cuɗe su da ƙwayoyin daimon masu girman rabin milimita ko ƙasa da haka, aka matse, aka gasa har suka dunƙule. In faifai na juyawa, kowace ƙwayar da ta leƙo waje tana kankare ɗan abin da ta samu a jikin dutse ta mai da shi gari. Dubban ƙwayoyi ne ke wannan kankara a lokaci guda, shi ya sa ido ke ganin kamar yanka ake yi.

Masu gida sukan yi dariya in na ce da daimon nake yanka musu karo. Wani Alhaji ya taɓa ce mini, "Malam, in da daimon ne a jikin abin nan, ai da ba ka tsaya kana shan ƙura a gidana ba." Daimon ne na gaskiya, sai dai ba irin wanda ake haƙowa a Botswana ko Saliyo a yi zobe da shi ba. Na masana'anta ne. A watan Disamba na 1954 wani masani mai suna Tracy Hall, a kamfanin General Electric na Amurka, ya yi nasarar mai da sinadarin kabon ya koma daimon ta hanyar matsi da zafi masu tsanani. Yau ƙasar Sin ce ke yin mafi yawan irin wannan daimon a duniya, musamman a lardin Henan, kuma yawansa ne ya karya farashi har faifan ya zo hannun talaka a unguwannin Bukoki da Talaje na Yamai. Ta fuskar tauri bai bambanta da na ƙasa ba. A ma'aunin da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daimon ne a mataki na 10, wato ƙololuwa. Farar tsakuwar nan mai ƙyalli da masana ke kira kwats tana mataki na 7, dutsen mabul kuwa wajen na 3.

To in daimon ya fi komai tauri, me ke kashe faifai? Nan ne mutane da yawa suke ɓata. Ƙwayar daimon, duk taurinta, tana dakushewa, tana tsagewa. An gina faifan ne a kan cewa garin ƙarfen da ke riƙe da ita zai riƙa zaizayewa sannu a hankali, ƙwayar da ta gaji ta faɗi, sabuwa ta fito daga ƙarƙashi. Faifan da ba ya cinyewa ba ya yanka. Abin da ake nema shi ne cinyewar ta tafi daidai da dakushewar ƙwayoyin, kada ɗaya ta riga ɗaya. Daga nan ne ƙa'idar da ke ba sabon yaro mamaki ta fito: abu mai tauri yana son faifai mai taushin riƙo, abu mai taushi da kaushi yana son faifai mai taurin riƙo.

Mu ɗauki kayan da muke yankawa a garin nan. Bulon siminti na Yamai yashi ne ya fi yawa a cikinsa, yashin kogin Isa da na ƙoramu, kuma yashin nan kusan duk kwats ne. Bulo ba shi da wuyar yanka, amma garinsa kaushi gare shi, yana goge bakin faifai ba ƙaƙƙautawa. Haka pabe da ake shimfiɗawa a tituna da tsakar gida, haka jar marmarar tudun Yamai, haka kwalta, haka kankaren da bai gama bushewa ba. In ka kawo faifan da aka yi don giranit ka sa a bulo, zai yi ta gudu kamar ba gobe, har ka yi murna ka dace. Kafin ka ankara bakin ya ƙare. Ƙarfen ya zaizaye da wuri, ƙwayoyin daimon sun zube ƙasa da sauran ƙarfinsu. A kwalta da ɗanyen kankare ma abin ya fi haka muni, domin yashin yana cin farantin ta ƙarƙashin bakin har wurin ya sirance, wata rana yanki guda ya ɓalle ya yi tsalle.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne ya fi kawo rigima a shaguna. Giranit da ake yin teburin kicin da matakala da shi, da karon ƙasa mai tauri wanda Faransawa ke kira grès cérame, garinsu laushi gare shi, ba ya goge bakin faifai sosai. Irin wannan karo ana gasa shi a zafin da ya kai digiri 1,200 ko fiye, har ruwan da yake iya sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. In ka sa masa faifan bulo mai taurin riƙo, ƙwayoyin sama za su dakushe, ƙarfen ya ƙi sakin su, sababbi su kasa fitowa. Bakin faifan sai ya yi sulɓi yana sheƙi. Zai yi ta juyawa yana kuka, yana fid da wuta, ba ya shiga. A nan ne ake cewa ya mutu.

Bai mutu ba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san dutsen niƙa: in ya yi santsi ba a yar da shi, koɗa shi ake yi ya dawo da kaushinsa. Faifai ma haka. Ka nemi guntun bulo mai yashi sosai, ko tsohon dutsen washi, ka yi masa ƴan yanka marasa zurfi a jere. Yashin zai goge ƙarfen da ya rufe ƙwayoyin, su sake leƙowa. Shafa bakin za ka ji kaushi ya dawo. Ni a wurin aikina kullum akwai guntun bulo kusa da inji saboda wannan, kuma yarana sun san ba na zubarwa ba ne. Sai dai in ka ga kana koɗawa bini-bini, to faifan ba na wannan aiki ba ne, ka sake wani.

Siffar baki ma tana da nata. Akwai mai tsaga-tsaga, wanda aka raba bakinsa yanki-yanki. Tsagogin suna fid da gari suna shigo da iska, don haka yana jure yanka ba ruwa, yana da sauri, amma yana barin gefe da ɓantare. Na bulo ne da kankare. Akwai mai baki sumul ba tsaga, shi ne na karo, yana fid da gefe tsaf, amma ba shi da inda zai sha iska, ruwa yake so. Sai na tsakiya da ake kira turbo, mai ƴan zane-zane a baki, wanda mafi yawanmu muke yawo da shi don yana taɓa kowane aiki. Ba na raina turbo, amma a karo mai sheƙi da za a sa a falo, inda ido zai faɗa kan kowane gefe, ba ya kamo ƙafar siririn faifai sumul da ruwa. Kuma yanzu ɓarnar karo ba ƙaramar asara ba ce. Da hanyar Kwatano ta Gaya ta rufe bayan Yulin 2023, kaya da yawa sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuma kuɗin wannan zagaye ya sauka a kan kowane kwali. Karo babba guda ɗaya in ya tsage, kuɗinsa na iya kai rabin na faifan da aka yi rowar saya.

Ga wani abu da nake yawan tuna wa matasa: yanka miƙaƙƙe a karo bai ma buƙatar faifai. Abin yankan hannu mai dogo da ƴar ƙaramar taya, wanda ake jan layi da shi a danna karon ya rabe, ba ya cin wuta, ba ya ta da ƙura, kuma ya fi sauri. Faifai na lungu ne da kusurwa da wurin bututu.

Babban abokin gaban faifai zafi ne. Daimon kabon ne, in ya kai wajen digiri 700 a cikin iska sai ya fara ƙonewa. Tun kafin nan farantin ya sha wuya. In ka ga launin shuɗi ya fito a jikin ƙarfen kusa da baki, alama ce wurin ya kai wajen digiri 300. Farantin da ya sha irin wannan zafi yana rasa tsayuwarsa, ya fara rawa, yanka ya karkace, kuma ba ya gyaruwa. Wasu manyan faya-fayan kuma da dalmar azurfa aka liƙa bakinsu, don yanka da ruwa kaɗai aka yi su. In aka yanka da su a bushe, liƙin na iya narkewa. Waɗanda aka yi don yanka a bushe da hasken leza ake walda su, ko a gasa bakin tare da farantin. Ana rubuta wannan a jikin faifai ko a zana ɗigon ruwa, mutane ne ba sa dubawa.

Abokai sukan ce zafin Afrilu da Mayu ne ke kashe faifai, lokacin da Yamai ke haura digiri 40 har ta doshi 45. Ni ban yarda da wannan sosai ba. Bambancin digiri goma ko ashirin a iska ba komai ba ne a kan ɗaruruwan da ke bakin yanka. Wanda bazara ke wahalarwa shi ne injin, sai kuma mai riƙe da shi, wanda rana ke duka yana son ya gama ya shiga inuwa, sai ya ƙara danna hannu. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke toshe kafofin iskar injin.

Ruwa yana yin aiki uku a lokaci guda: yana sanyaya faifai, yana wanke garin daga cikin tsagar, yana kwantar da ƙura. Da ruwa faifai yana daɗewa nesa ba kusa ba. Amma sai ya isa, ya sauka a gefe biyu na faifan, ya ci gaba da zuba. Ɗan yayyafi jefi-jefi yana iya zama ɓarna, domin ƙarfe mai zafi in ruwa ya sauka masa farat ɗaya yana tsagewa. Saboda haka ne na hana yarana tsoma faifai mai zafi cikin bokiti. Injin tebur mai kwamin ruwa a ƙasa shi ne ya dace da wannan aiki, a riƙa sauya ruwan in ya yi kauri. Lokacin manyan gine-ginen da aka yi gab da taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019, irin su otal ɗin Radisson Blu da sabunta filin jirgin sama na Diori Hamani, ma'aikata da yawa sun ga yadda aiki da kayan da suka dace yake, kuma na so a ce darasin ya bi mu zuwa ƙananan gidaje na unguwannin Lazare da Bobiyel. A can har yanzu abin da aka fi gani shi ne yaro riƙe da gorar roba mai hujajjen murfi yana tsiyaya ruwa, maigidansa riƙe da injin hannu, wanda muke kira mul, waya a kwance cikin laka. Wannan injin ba a yi shi don ruwa ba. Wutar volt 220 da jiƙaƙƙen hannu da ƙafa ba takalmi, abin tsoro ne ƙwarai.

In dole sai an yanka a bushe, akwai yadda ake yi. Kada a nutsa faifai gaba ɗaya a tashi guda. A bi layin sama-sama, santimita ɗaya ko biyu, a dawo a ƙara. Bayan ƴan daƙiƙu a ɗaga faifai a bar shi ya juya a iska ya huce. Nauyin injin da ɗan taimakon hannu ya isa. Kunne ma yana faɗa maka: in muryar injin ta yi ƙasa, ka matsa masa da yawa.

Maganar gudu kuwa, lamba ce a rubuce a jikin kowane faifai na kirki. Iyakar faya-fayan injin hannu mita 80 ce a daƙiƙa guda a bakin faifan, kusan kilomita 290 a awa ke nan. Shi ya sa ƙaramin faifai mai milimita 115 aka rubuta masa juyi wajen 13,300 a minti, mai 125 wajen 12,200, babba mai 230 kuwa wajen 6,600. Ƙaramin mul yana juyi kusan 11,000 a minti. Ramin tsakiyar duka ɗaya ne, milimita 22 da ɗan ɗoriya, don haka babban faifai zai zauna a ƙaramin inji in aka cire murfin kariya. Ana yi, kuma na ga abin da ya biyo baya a hannun wani abokin aiki da ba ya iya dunƙule yatsunsa har yau. Lissafin a fili yake: bakin faifan zai yi gudun sama da mita 130 a daƙiƙa, kuma ƙarfin da ke neman wargaza shi ya kusan ninka uku a kan abin da aka yi shi ya jure. Ga shi babu murfi tsakaninsa da fuska.

Ƙarancin gudu ma yana da illarsa, kuma mu a nan mun fi sanin wannan. Babban mul yana cin wat 2,000 ko fiye. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turowa a Agustan 2023, wuraren aiki da yawa sun koma kan ƙananan janareta da ba su kai rabin wannan ƙarfi ba. Ko da wutar gari ce, in aka jawo ta da doguwar siririyar waya daga gidan maƙwabci, kafin ta iso ta raunana. Faifai yana taɓa dutse gudu ya faɗi. In gudu ya faɗi, kowace ƙwayar daimon tana ɗaukar kaya fiye da nata, sai ta tsinke daga mazauninta da wuri. Faifai ya cinye, injin ya yi zafi, a ɗora laifi a kan mai shago. Gudu mai yawa kuma yana jawo sulɓi, shi ya sa masana'antun da ke yanka giranit mai tauri da manyan injuna suke saukar da shi zuwa wajen mita 25 zuwa 40 a daƙiƙa, da ruwa mai yawa.

Baƙin ƙarfe kuma ba abincin daimon ba ne, duk da bai kai dutse tauri ba. In suka haɗu da zafi, kabon ɗin daimon yana narkewa cikin ƙarfen. Rodi da bututu da kwano, baƙin faifan ƙarfe ne nasu. In kana yanka kankare ka ji ka taɓa rodi, tartsatsi ya sauya, sassauta hannu ka wuce shi a hankali. Kankaren da ke gaba zai sake buɗe bakin faifan. A kula kuma da kibiyar da ke nuna inda faifai zai juya. Kowace ƙwaya tana da ɗan tudun ƙarfe a bayanta da ke tokare ta, in aka juya faifan baibai sai tokarin ya koma gaba. Haka nan gefen faifan yanka ba na goge kusurwa ba ne. Farantin siriri ne, matsi ta gefe yana sa shi tsagewa daga gindin tsagoginsa. Da safe kafin a kunna, a ɗaga shi a haske a duba. Faifai mai tsaga ko wanda yanki ya fita daga bakinsa ya gama aiki.

Mafi yawan wannan asarar kuɗi ce, ana mayarwa. Abin da ya fi damuna ƙura ce. Farin hayaƙin nan da ke tashi in ana yanka bulo ko giranit ko karo a bushe, garin silika ne. Wanda ido ke gani hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawansa. Wanda ido ba ya gani shi ke wucewa can ƙasan huhu ya zauna, huhu ya yi ta yin tabo a kewayensa har ya daina buɗewa sosai. Cutar ana kiran ta silikosis, ba ta warkewa, kuma takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana. Tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa, wanda dama yana nan tare da mu. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa wannan ƙura cikin abubuwan da ke jawo sankarar huhu tun 1997. A 2016 Amurka ta ƙayyade cewa kada ta wuce maikurogiram 50 a mita ɗaya ta iska mai tsawo da faɗi da zurfi, a tsawon yinin aiki, kuma yankan bushe yana haura wannan ninki-ba-ninki. Ostireliya ma, da ta ga matasan ma'aikatanta suna kwantawa, daga ranar 1 ga Yulin 2024 ta haramta dutsen teburin kicin na haɗi mai yawan silika gaba ɗaya.

Mu a nan maganin da aka sani shi ne a sha madara ko nono bayan an tashi aiki, wai yana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, ƙurar kuwa tana huhu, ba su haɗa hanya ba. Rawani ko ƙyalle ko takunkumin zamanin korona ba sa tare ƙananan ƙwayoyin. Wanda ke tarewa shi ne mai alamar FFP2 ko FFP3 ko N95, in ya zauna daram a fuska ba kafa ta gefe. Kuma wanda ya fi shan ƙurar ba maigida ba ne, yaro ne ɗan shekara goma sha da ke tsugune yana riƙe karon, ko yana sharar ɗakin a bushe bayan an gama.

Shi ya sa yanzu in zan yi wa mai gida lissafin aiki, nake rubuta ruwan ga-ruwa da takunkumi da tabarau a cikin takardar, layi ɗaya da siminti da yashi. Wasu sukan tsaya a kan layin su tambaya. Nakan gaya musu yanka a waje za a yi, ba cikin ɗaki ba, a inda iska ke kwashe ƙura daga mutane. Za a yayyafa ruwa kafin shara. Kuma faifai biyu zan saya, ɗaya na bulo ɗaya na karo, kowanne da ranar da zai hau inji. Mafi yawansu in suka ga jimillar ba ta kai kuɗin kwali biyu na karonsu ba, sukan ce a yi.